Garayar Sule Takwas

Samarin da ke zuwa shan inuwa a rumfata sukan ɗauki garaya su jujjuya, su leƙa cikinta, su ce wai ina abin wahala a nan, ice ne da fata da tsirkiya biyu. Wani har ya taɓa cika mini baki, ya ce in aka ba shi gizago da yini ɗaya zai sassaƙa biyu. Na miƙa masa gizagon. Kafin azahar ya huda icen, ya kusa haɗawa da babban yatsan ƙafarsa, ya sulale ko sallama babu. Ba na jin haushinsu, don ni ma kallon da na yi wa sana'ar ke nan ranar da aka kai ni Kurfi wurin kawuna Mani, lokacin gemu ya fara tsiro mini, ina ganin babu abin da ya gagare ni.

Kawu Mani masassaƙi ne, bai iya kiɗa ba sai na gwaji, amma makaɗan garaya daga Kurfi har Dutsin-Ma ƙofarsa suka sani. Shekara biyu cur bai bar ni na taɓa icen garaya ba. Turmi, taɓarya, akushi, muciya, kujerar mata, su na yi ta sassaƙawa har tafin hannuna ya yi kanta. Gizagonsa uku ne: babba na ɓarar da ice, matsakaici na fafe ciki, da wani ƙarami mai lanƙwasasshen baki wanda ko matarsa ba ta isa ta kawar da shi daga inda ya ajiye ba. Ranar da ya fara ba ni ƙaramin nan, sai da ya tsaya a kaina kamar na ɗauki jaririnsa.

Icen alilliba muke nema. A sare shi bayan kaka, a ɗora a saman rumfa inda iska ke ratsawa rana ba ta dukansa, a manta da shi shekara guda, in da hali biyu. Mai gaggawa yakan sassaƙa ɗanye, kuma wata na farko garayar za ta yi daɗi har mai ita ya sa masa albarka. Wata na uku sai ta tsage tun daga gindi. Na yi wannan sau ɗaya a ɓoye, mai garayar ya dawo da ita gaban Kawu, Kawu bai zage ni ba, ya dai sa aka dafa tuwon dare da ita ina kallo.

Komin garayar, wato jikinta da ake fafewa, nan aikin yake. In ka bar shi da kauri sai ta yi shiru kamar an toshe mata baki, in ka wuce kuma gizago ya leƙa waje, aikin mako ya tafi. Babu ma'auni sai babban yatsa a ciki, manuni a waje, kana matsawa kana ji. Fata kuwa ta gada ce, daga hannun maharba. Ka ɗaga ta sama ka duba inda kibiya ta shiga, ka yanki ta baya, ka ɗaura da danshinta, ka bar ta ta bushe a inuwa. Sai wuya, sai tsirkiya ta fatar akuya murɗaɗɗiya, wadda ake ɗaurewa a wuyan da 'yan zobban fata. Su ake turawa sama ko ƙasa in za a daidaita murya. Sabuwar tsirkiya kuwa saki take yi, mako uku na farko sai mai ita ya yi ta gyara, wani lokaci har a tsakiyar kiɗa.

Bayan rasuwar Kawu na koma gida Dabawa da gizagonsa ukun, ina cin kasuwar Dutsin-Ma da ta Kurfi. A nan na koyi abin da ba a koyo a gindin ice, wato mutane. Saurayi mai neman suna a dandali, in ya zo, idonsa na kan jar fatar dukawa da wuri da tuntu. Ba ya ma kaɗawa sai ya gama taya. Nakan ce da shi, in kuɗinka kaɗan ne, fara biyan ice, abin da ya rage ka biya fata. Ado kuwa ka bar shi sai gyaɗa ta yi kuɗi, ba ya ƙara wa garaya murya ko ta anini. Kuma kada ka sayi garaya da tsakar rana lokacin rani, don a lokacin kowace fata a ɗaure take, ko ta banza sai ta yi maka zaƙi. Ka zo da sanyin safiya ka ji gaskiyarta. Cikin goma, biyu ke saurare, sauran su ɗauki mai tuntu su tafi, ni kuma in karɓi kuɗina, don ban ce ni waliyyi ba ne.

Cinikin da ba na mantawa na yi shi ne saura 'yan shekaru Turawa su tafi, a wata shekara da ruwa ya ɗauke gero na fitar da kai. Rumbuna ba su cika ba, farashin dabbobi ya faɗi, wa zai sayi garaya? Kasuwa huɗu a jere na shimfiɗa tabarma a Dutsin-Ma na naɗe ban sayar da ko tsirkiya ba. A ta biyar sai ga Baba Sada daga Shema. Shi ne makaɗin maharban can tun ina ƙarami, tsohon abokin cinikin Kawu. Kafin a fita farauta shi ke kaɗa wa kowane maharbi takensa, in an dawo kuma a ware masa kasonsa na nama. Ba shi da wata gona ta kirki, garayar ce gonarsa. A shekara irin wannan kuwa naman daji shi ne miya, wani gidan ma shi ne tuwon.

Na ga ya rame. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, “Baba, ya ƙarfin jiki?”

Ya ce, “Suna lahiya lau, suna gaishe ka.”

Na ɗauka tsufa ne. Na sake tambayarsa hanya, ya amsa mini da labarin damina, idonsa ƙur a kan bakina. Sai ya zauna a gefen tabarmar, ya waiga hagu da dama, ya jawo ni kusa.

“Magajin Mani, zan hwaɗa ma magana, ta tsaya nan. Tun da sanƙarau ya kada ni bara, kunnen hagu ya tahi. Na dama kuwa kamar ana yi mani magana daga cikin rijiya. Ban da uwar ɗiyana babu wanda ya sani.”

Na ɗaga murya na ce, “To ina tsohuwar garayarka, Baba?”

“Gara ta cinye ta ina kwance. Wata huɗu tana jingine ga bango. Waccan ba ni bukatar kunne da ita, shekara talatin zobban sun ci wuyan, kowane ya yi wa kansa gurbi, ko makaho ya ɗaura ta daidai. Yanzu ga hwarauta ta matso. In maharba sunka gane, yaro za su ɗauko, ni kuma in zauna in ci mi?”

Ya ce akuyarsa ta ƙarshe ya kawo kasuwa, dillali ya sallamar da ita sule takwas. Abin da yake da shi ke nan, ko sisi babu a kai.

Garaya huɗu ke kan tabarma. Akwai wata da na kashe wa ado, jar fata har wuya, wadda na sa wa sule goma sha biyar. Biyu matsakaita. Ta huɗun mummuna ce, icen yana da wani baƙin tabo a gefe, kuma wajen fafewa hannuna ya zarce har na ji tsoron ta huje, komin ya yi siriri ƙwarai. Na sa mata sule goma, ina jin kunyar nuna ta.

Baba Sada ya ɗauki mai adon, bai ko dubi jar fatar ba. Ya buɗe gaban rigarsa, ya manna komin a ƙashin ƙirjinsa, ya lanƙwasa kai ya ciji ƙarshen wuyan da haƙoransa, ya rufe ido, ya kaɗa tsirkiya ɗaya, ya kaɗa ɗayar. Masu wucewa suka fara tsayawa. Ya ajiye ta ya ce, “Wagga amarya ce, ba ta magana.” Ya gwada matsakaitan biyu haka, ya yamutsa fuska. Da ya zo kan mummunar, ya kaɗa sau ɗaya, sai na ga girarsa ta ɗaga. Ya tura zoben fata sama kaɗan, ya kaɗa, ya sake turawa, ya kaɗa biyun tare. Ni da ke da kunnuwa biyu lafiyayyu na ji ta zauna daram, ko Kawu iyakar abin da zai yi ke nan.

Ya ce, “Ita ce. Ina jin ta har cikin haƙarƙarina. In tsirkiyoyin ba su shirya ba sai in ji suna hwaɗa cikin ƙashi, in sun shirya sai su kwanta. Nawa?”

Na nuna masa yatsu goma. Ya nuna mini takwas. A gidana ma gero ya kusa ƙarewa, kuma da wani ne da “albarka” zan ce. Na ce, “Na sallama, Baba.” Ya tashi ya tafi wurin dillali karɓo kuɗin akuyarsa, ya bar ni da garayar.

To, a nan na yi wautar da har yau in na tuna sai kunya ta kama ni. Kun san ciniki a wurinmu ba ya cika sai da gyara. Mai gero ya ƙara maka tafi guda, mahauci ya jefa maka 'yar tsoka. Gyaran masu garaya tsirkiya ce guda ta ajiya, haka Kawu ke yi. Ni kuwa tausayin tsohon ya cika ni, kuma in faɗi gaskiya, ba na so maharban Shema su ga garaya tsirara mai tabo su ce aikin magajin Mani ke nan. Ina da wata ceba da na saya wurin maƙeri don mai adon. Ceba ɗan faifan ƙarfe ne mai ƙananan zobba, ana cusa shi a ƙarshen wuyan garaya, in an kaɗa ya riƙa zuza, maharba kuwa suna son ta. Yadda aka saba, cusa ta kawai ake yi, mai kiɗa ya zare in ya so. Ni sai na ce kada ta faɗi wa tsoho a daji bai ji ba. Na shafa mata ƙaro, na buga ta ciki sosai, na ƙara 'yar ƙusa ta gicciye. Na naɗe garayar a tsumma na ɗaure, ina murna zai je gida ya tarar da kyauta. Ya dawo, ya ba ni kuɗin, ya rataya ta, ya yi ta sa mini albarka har ya ɓace cikin kasuwa.

Kasuwa ta zagayo, sai ga Ɗanladi, wani maharbi daga Shema da ke kawo mini fatar gada. Tun kafin ya sauke fatun yake dariya.

“Rabe, ba ka ji abin da ya hwaru ba? Shekaranjiya munka taru ƙohwar Sarkin Baka, Baba Sada ya zo da sabuwar garaya mai ceba, kowa na yabawa. Ya ɗauko taken Sarkin Baka, tsirkiya ta saki, shi ko ya ci gaba da bugu yana kaɗa kai, abu kamar kwaɗo cikin tulu. Yara sunka hwashe da dariya. Shi kuma ya ga baki buɗe ya ɗauka daɗi ne, ya ƙara ƙaimi. Sarkin Baka ya tashi ya shige gida.”

Sarkin Baka shi ne shugaban maharban, kuma ɓata takensa a gaban jama'a ba ƙaramin abu ba ne. Na tambayi Ɗanladi yanzu me ake ciki. Ya ce an ce tsufa ya ci tsoho, an yi maganar aika wa wani saurayi mai garaya, ranar Juma'a za a yanke. Tun kafin ya rufe baki na gane abin da na yi.

Ranar Juma'ar da sassafe na saƙa ƙaramin gizago da wuƙa a jaka na kama hanyar Shema. Na sami Baba Sada a zaure, garayar a kan cinyarsa, ba ya kaɗawa. Na zube gabansa. Ya dube ni, babu fushi a fuskarsa ko kaɗan, abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Na ce da ƙarfi, “Baba, don mi ba ka cire ta ba?”

“Na ja, ta ƙi, na ji tsoron in tsaga wuyan, ba ni da wata akuyar. Kuma kyauta ce ka yi mani, da wane baki zan ce ba ni so? Sai dai in na ɗora ta ga ƙirji, zuzar ƙarhen ce kawai ke shiga jikina, tsirkiya ta ɓace. Ga inda nika cizo kuma ka toshe.”

Na sa matarsa ta ɗora ruwan zafi na zuba a kan ƙaron, ya narke, amma ƙusar ta riƙe. Ba yadda zan yi, na yanke ƙarshen wuyan kamar faɗin yatsu biyu, cebar ta faɗi da guntun icen a jikinta. Na kankare wurin ya yi sumul yadda haƙori zai zauna. Ya karɓa, ya manna, ya ciza, ya tura zobe sau uku. Ta dawo daidai.

Amma gyaran garaya bai gyara magana ba. Maharba sun riga sun ce laifin hannunsa ne, kuma muddin suka ci gaba da bincike za su kai ga kunnen. Dole laifin ya sami wani mai shi, kuma mai shi na gaskiya yana nan zaune. Bayan an sauko daga masallaci muka nufi ƙofar Sarkin Baka, maharba sun cika wurin, wasu da baka da kwari, wasu da karnuka a ɗaure. Na cire takalmi na durƙusa.

“Ranka shi daɗe, sunana Rabe, daga Dabawa. Garayar da ta ɓata takenka aikin hannuna ce. Ni na yi mata abin da ba a yi, ta hana mai ita daidaita ta. Baba Sada ba shi da laihi. Na zo na gyara, ina roƙon a sake saurarensa.”

Sarkin Baka ya dube ni. Dogon mutum ne, mai tabo a kunci. Ya ce, “Kai ne anka ce magajin Mani?”

“Ni ne, ranka shi daɗe.”

“Mani bai taɓa sai da muna garaya mai ƙarya ba. Kun dai ji da kunnenku,” ya juya ga mutanensa, “shi da bakinsa ya hwaɗi.”

Na san abin da wannan maganar za ta jawo, kuma ta jawo. Maharba bakinsu ɗaya, labari ya bi daji ya kai har Kurfi, cewa garayar Rabe na ɓaci a gaban taro. Rabin cinikina a hannun makaɗansu yake. Shekara uku na koma sassaƙar turmi da muciya kamar sabon shiga, har Ɗanladi ya daina kawo mini fata sai in na bi shi gida. Amma wannan duk daga baya ne.

A ranar, Sarkin Baka ya ɗaga hannu ya ce a ba tsoho wuri. Baba Sada ya zauna a kan buzu a tsakiyar fili, ni ina tsugune kusa da shi kamar mai jiran hukunci. Ya buɗe gaban riga, ya manna komin, ya ciji wuyan, ya rufe ido. Na ji wani a bayana yana raɗa wa ɗan'uwansa, “Diba, asiri yake tohwa mata.” Na bar su a haka.

Ya ɗauko taken Sarkin Baka. Babu ceba, babu zuza, muryar ice da fata ce kawai, amma ta cika filin tas. A tsakiya na ji tsirkiyar sama ta fara saki. Shi ma ya ji ta a ƙirjinsa, ya kai babban yatsa ya tura zoben bai tsaya da kiɗan ba. Sarkin Baka ya gyara zama. Can sai ya miƙe, ya fizgi bakansa, ya shigo fili yana taku, ya ɗaga shi sama ya fara kirari. Maharba suka ɗauka gaba ɗaya, wannan na ihu, wancan na kiran sunan dajin da ya kwana, karnuka na haushi.

Baba Sada ya buɗe ido. Ya ga bakuna a buɗe ko'ina, kamar dai wancan karon. Hannunsa bai daina bugu ba. Ya karkato kansa wajena, ya tambaye ni a hankali.

“Rabe, dariya suke ko kirari?”

Na kafa bakina a kunnensa na dama, na ce da iyakar ƙarfina, “Kirari ne, Baba! Kirari!”

Ya ƙara manna garayar a ƙirjinsa.

“To matsa gehe,” ya ce, “ka tare mani ƙahwahunsu, ba ni ganin takunsu.”